Ya saya wa matarsa keke, gari ya ɗauka: wai mene ne laifinsu?



Waɗanda suka kama shirinmu na daren Talata sun ji yadda layi ya yi zafi. Kira kan kira, har lokaci ya ƙare ba mu faɗi namu ba, don aikin mai gabatar da shiri shi ne ya ba mutane baki, ya riƙe nasa. To nan babu mai ɗaga mana hannu ta bayan gilashi ya ce lokaci ya yi. Yau za mu faɗi namu, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Ga wanda bai ji labarin ba, ga shi a taƙaice. Wani mushe ne a nan Maraɗi, malamin lakwal, ya saya wa matarsa keke. Shi da ma yana da nasa tun yana ɗalibi. Ran Lahadi bayan sallar asuba sai su fito su biyu, su kama hanyar Tibiri, su juyo gida kafin rana ta ɗaga. Ita tana cikin hijabinta, da wando ƙarƙashin doguwar riga. Wata biyu suna haka, ba wanda suka tare wa hanya. Ran nan wani ya ɗauke su da salula ba su sani ba, ya watsa a WhatsApp, ya ɗora kiɗa a kai da fuskokin dariya. Kafin azahar bidiyon ya zagaya unguwa, kafin magariba ya kai hannun uwar mijin. Yau sati uku ke nan keken yana jingine a ɗaki, an lulluɓe shi da tsohon zane kamar abin kunya.

Mun je gidan, mun zauna da su, sun yarda mu yi maganar bisa sharaɗin ba suna, ba unguwa. Haka za a yi.

Me masu kira suka ce? Wani dattijo ya ce mana: "Ɗana, wanga abu ba namu ba ne, na annasara ne." Wani matashi ya ce mijin ta-ce ne kawai, an shanye shi. Wata baiwar Allah ta ce ita ko da kuɗi aka haɗa ta ba ta hawa keke da aurenta, zubar da mutunci ne. Wani ya ce addini ya hana. Wani kuma, wanda a ganinmu ya fi kowa gaskiya ba tare da ya sani ba, ya ce: "In yana sonta da gaske mi ya hana shi saya mata moto?"

Mu fara da maganar mutunci, don ita aka fi ja. Dan Allah ku tsaya bakin babbar kasuwa da ƙarfe 10 na safe ku ƙirga matan aure nawa ne ke sauka daga kabu-kabu. Kowace ta zauna bayan namijin da ba muharraminta ba, wanda ba ta san ko sunansa ba, in ya faɗa rami ta riƙe shi ko ta faɗi. Mun taɓa jin an ɗauki ɗaya a bidiyo ana dariya? Ba mu ce laifi suka yi ba, lalura ce, matanmu da ƙannenmu duk haka suke zuwa likita da gidan biki. Amma a yi mana bayani yadda zama bayan baƙon namiji ya zama mutunci, tuƙa keke kusa da mijinki na sunna ya zama zubar da shi. Mun yi wannan tambaya a shiri, mai kiran ya ce layi ba ya da kyau, ya kashe.

Sai maganar addini. Mu ba malamai ba ne, lakwal muka yi, ba mu da hurumin ba da fatawa, kuma wanda ya kira shi ma bai kawo aya ko hadisi ba. Abin da muka sani, wanda duk ɗalibin islamiyya ya sani, shi ne ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da matarsa Nana A'isha a hanyar tafiya, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake, ya tsere mata. Mata kuma a zamanin suna hawan raƙumi. Abin da malamai ke jaddadawa shi ne sutura da kamun kai, kuma duk wanda ya ga bidiyon nan ya san baiwar Allar nan a suturce take. Wanda ke da hujja ya kawo, ƙofar shirinmu a buɗe take. Amma a daina jingina wa addini abin da yake ƙyashi ne na zuciya.

Na annasara ne? Baba, da girmamawa, kekenka Raleigh da kake wankewa kowace Juma'a, kana shafa masa mai, ba a Ingila aka ƙera shi ba? Rediyon da ka kira mu ta cikinsa fa? Ba sai an je Turai ba. A shiga mota a je Wagadugu, nan maƙwabta. Mata da goyo a baya, da kwandon tumatir a kariya, da ma'aikatan biro, da ƴan makaranta, duk a kan keke, har manyan titunan garin an ware wa masu ƙafa biyu nasu gefen. Musulmi ne mafi yawan mutanen Burkina Faso. Ƙasar da tun 1987 take shirya tseren keke na Tour du Faso, ba wanda ya ce matansu sun bar haihuwa ko sun bar aure don sun taka feda. Wannan camfin na cewa keke yana hana mace haihuwa, wanda ya yarda da shi ya je ya ƙirga yaran Wagadugu. A ƙauyukanmu kuwa tun kaka da kakanni mace tana hawan jaki ta je rijiya, ta je kasuwa. Jaki bai zubar mata da mutunci ba sai keke?

Yanzu mu zo ga mai maganar moto, don shi ya buɗe tukunyar. Matan aure nawa ne ke tuƙa moto da kansu a Yamai, a Damagaram, a nan Maraɗi? Da yawa. In ta wuce sai a ce Madam ce, mijinta ya iya riƙo. Zaman da za ta yi a kan moto da wanda za ta yi a kan keke, wane bambanci ne? Bambancin kuɗi ne kawai. Moto yana cewa muna da shi, keke yana cewa ba mu da shi. A wurinmu keke ya zama abin hawan mai gadi, da mai tallan itace, da yaron da ubansa bai iya saya masa babur ba. Ashe ba kunyar sutura ake ji ba, kunyar a ce da mutum talaka ake ji. Kuma abin dariya, mu da muke wannan fankama mu ne muka kwana a layin esansi a watan Maris na 2025, muna tura babura da ƙafa, muna roƙon ƴan ruwa-ruwa. A lokacin mai keke shi ne sarki, yana wuce mu yana kaɗa ƙararrawa. A Holan, ƙasar da kekuna suka fi mutane yawa, Mark Rutte yana firaminista da keke yake zuwa aiki. Mu kuma albashi bai kai ƙarshen wata ba, amma keke ya yi mana ƙanƙanta.

Za mu iya tsayawa nan mu yi muku lissafi. Ita Madam ɗin ɗinki take koyarwa a wata cibiya, kullum dala 100 take kashewa a kabu-kabu, zuwa da dawowa. A wata ya kama jaka 13. Keken jaka 45 aka saye shi. Wata huɗu bai cika ba ya biya kansa. Za mu iya ƙara muku da maganar lafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, kuma duk wanda ya taɓa raka uwarsa ko matarsa wurin lokotoro kan hawan jini ko ciwon suga ya san abin da ake fara gaya musu, a rage gishiri, a rage zaƙi, a riƙa motsawa. Duk gaskiya ne.

Amma ba za mu fake da lissafi ba, don su ma ba su fake da shi ba. Mun tambayi mushen me ya sa ya saya. Bai ce don tattali ba, bai ce don lafiya ba. Ya ce: "Ina jin daɗin hawa, na so ta ji abin da nake ji, kuma ina son hira da ita inda ba yara, ba baƙi, ba salula." Ita kuma ta ce shekara 7 da aurensu, ba su taɓa yin awa ɗaya su biyu suna magana ba tare da wani ya yi sallama ba sai a kan hanyar Tibiri.

To jama'a, a ganinmu nan ne ciwon yake. Da ita kaɗai aka gani tana tafiya aiki a keke, da an yi gulma kwana biyu an bari. Da shi ya ɗauko ta a kariya yana kai ta likita, da an ce Allah sarki. Abin da ya tsaya wa mutane a wuya shi ne an ga namiji da matarsa suna nishaɗi tare, a fili, tana dariya yana dariya, ba biki ba, ba rashin lafiya ba, ba rakiya tasha ba. Wannan ne ba mu saba gani ba, shi ya sa muka kira shi asiri.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu maza. Mu nawa ne daga an sauko aiki sai fada? A dafa shayi na ɗaya, na biyu, na uku, a yi belot, a yi musun Barcelona da Real Madrid har ƙarfe 12 na dare. A koma gida ta yi barci. Da safe a ajiye kuɗin cefane a fita. Ita kuma duniyarta foyandi, da biki, da suna, da fim a salula. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa da garinsu. Abokinka na fada ya san abin da ke damunka, matarka sai ta ji a bakin matarsa. Sannan mu zo rediyo muna tambaya me ya sa aure ba ya ƙarko a Maraɗi, muna ɗora laifi kan finafinai da tsadar kayan ɗaki. Ba mu ce keke zai hana saki ba, kar a je a ce mun ce. Mun ce ga mutum ɗaya ya samo abin da zai riƙa yi da matarsa wanda ba cin tuwo ba ne, ba faɗa ba ne, sai muka taru muka yi masa ihu har ya daina. Laifi tudu ne.

Kuma ku ji yadda aka yi sayayyar, don mu a nan muka gane mutumin ya san abin da yake yi. Da farko ya so ya yi mata ba-zata, irin ta fim, ta farka ta ga keke a tsakar gida. Har ya je ya ga wani mai giya da yawa, mai sanda a tsakiya, irin wanda shi yake sha'awa. Mai gyaran keken unguwarsu, dattijo ne da ya shekara yana faci, shi ya hana shi. Ya ce: "Malam, kai za ka hau ko ita? Takalmi ma ba a saya wa mutum ba da ƙafarsa ba." Sai ya koma gida ya gaya mata. Ta yi dariya ta ce rabonta da keke tun tana aji uku a kwaleji, ranar da aka sa mata rana aka ba ƙanenta shi. Wannan ma abin dubawa ne: ƴarinya tana hawa lafiya lau shekara da shekaru tana zuwa lakwal, ranar da aka ɗaura aure sai ƙafarta ta zama haram ga feda.

Ran Asabar suka tafi tare wurin masu sayar da kekunan okaziyo, irin waɗanda ake saukewa daga tashar jirgin ruwa. Ita ta zaɓa. Ta ƙi mai sanda, ta ce da doguwar riga ba ta iya ɗaga ƙafa ta haye, ta nemi mai lanƙwasasshen ƙarfe wanda ake shiga ta gaba. Ta nemi mai murfin sarƙa, don sarƙa a buɗe in ta kama bakin zane ko hijabi faɗuwa ce ba makawa. Ta sa aka sauke sirdi har tafin ƙafarta ya iya taɓa ƙasa in ta tsaya. Ta matsa birki na gaba da na baya, ta ce na baya ya yi sanyi, a canza roba. Shi kuma ya juya tayoyin a sama ya ga ko suna rawa, ya duba wayoyin ko akwai karyayye, ya nemi taya mai faɗi saboda rairayin unguwa. Mai kaya ya sa jaka 60. Mushe ya fara lissafin aljihu, ita ta ce: "Malam, bari ni." Ta ce wa mai kaya: "Alhaji, kwandon nan a fashe yake, ƙararrawa ba ta kuka, fitila babu. Jaka 40, in ka ƙi mu leƙa gaba." Aka tsaya a 45, da sabon kwando, da famfo a kai. Mushe ya ce tun da suka yi aure bai taɓa ganin ta yi ciniki ba sai ran nan, don kullum shi ke zuwa kasuwa. Shekara 7 yana zaune da gwanar ciniki bai sani ba, yana ta biyan kuɗin farko.

Ga masu niyya, ku riƙe wannan. Kyauta ba ita ce ka sayo abin da kai kake so ka ce nata ne ba. Mun san masu saya wa kansu sabon keke mai tsada su tura wa matar tsohon da birkinsa ya mutu, su ce ai mun fara tare. Mun san wanda in an fita sai ya taka da ƙarfi ya bar ta a baya tana haki, ya tsaya can gaba yana duba agogo. Wannan ba fita tare ba ce, wulaƙanci ne da ƙafa biyu. In ta gaji a tsaya. In ta ce yau ba ta so a bari. In ta ce ita sam ba ta sha'awar keke, kamar baiwar Allar da ta kira mu, to hakkinta ne, ba a dole, a nemi wani abin. Mai mata biyu kuwa, ya san sauran: keke biyu, Lahadi biyu, in ba haka ba kar ya kira mu a shiri yana kuka.

Akwai masu adawa da muka ji maganarsu muka yarda da ita, kuma ba za mu ɓoye ba. Wata uwa ta kira ta ce ita tsoronta hanya. Tana da gaskiya. Titunanmu ba su da gefen mai keke, ƴan kabu-kabu da adaidaita suna tuƙi kamar an biyo su, manyan motoci ba sa ganin kowa. Daga Maris zuwa Mayu zafi ya wuce a yi wasa da shi, ƙaya kuma ba ta barin taya, kuma duk mun san akwai hanyoyin daji, musamman wajen iyaka, da mai hankali ba ya bi da sassafe a halin da ake ciki. Amsar wannan ita ce a zaɓi lokaci da hanya: bayan asuba, lokacin sanyi, kan kwalta, kusa da gari, da fitila da abin faci a kwando. Sannan a tambayi magadan gari, tun da ana ta shimfiɗa sababbin tituna, me zai hana a bar wa mai keke ko taku biyu a gefe? Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2018 ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. A bara wa ya ji an yi wani abu a garinsu? Haɗarin hanya dalili ne na gyara hanya. Bai zama dalilin yi wa mace dariya ba.

Sai kai mai salula. Kai muka ajiye a ƙarshe. Ka ga mutum da iyalinsa, ba su zage ka ba, ba su taka ka ba, ka laɓe ka ɗauke su, ka watsa matar wani a waya dubu. Kai ne kake maganar mutunci? Wanda ya kalli matar mutane har ya danna mata kyamara, da wanda ya fita da tasa, wa ya keta haddi? Kuma ka sani tun 2019 ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet, a 2024 aka dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da cin mutunci ta waya. Mushe ya ce ba zai kai ƙara ba, ya bar ka da Allah. Sa'arka ke nan. Da ku masu turawa gaba kuna cewa "ku ga ikon Allah", duk hannunku yana ciki, har da wasu abokan aikinmu da muka ga sun tura, mun kuma gaya musu ido da ido.

Uwar mijin ba mu ga laifinta sosai ba. Tsohuwa ce, an kai mata bidiyo an ce ga surukarki ta zama abin kallo a gari, me kuke so ta yi? Ɗanta bai yi mata musu ba, ya ce: "Inna, yadda kika ce haka za a yi." Ya jingine keken. Amma kullum da yamma yana zuwa gaishe ta, yana ɗan taɓa maganar a hankali. Ran Juma'ar da ta wuce, in ji shi, ta tambaye shi ko da gaske ne keken yana rage ciwon gwiwa, don ƙanwarta tana fama. Ya ce a tambayi lokotoro tukuna. Ta yi shiru, can ta ce in za su sake fita, su riƙa dawowa kafin mutane su fito, kuma yarinyar ta sa safa.

Mun gaya wa namu iyalin labarin a gida. Amsar da muka samu ita ce: "Kai da kake ta zuba a rediyo, ina nawa?" Ran Asabar in Allah ya kai mu muna wurin masu okaziyo, kuma an riga an gargaɗe mu cewa ba mu za mu yi cinikin ba. Wanda ya ga dama ya zo da salularsa.